K2-18b: Abin da aka auna, da abin da aka zana, game da duniyar da ake wa zaton teku

A watan Afrilun 2025 kafafen yaɗa labarai suka cika da hoton wata duniya shuɗiya, ruwa ya lulluɓe ta ko'ina, ga wata jar rana tana haska ta daga gefe, aka ce an ji ƙamshin rayuwa a cikinta. Sunanta K2-18b. Hoton nan zane ne, a kwamfuta aka yi shi bisa bayanin da masana suka bayar. Babu na'urar da ta taɓa ɗaukar hoton wannan duniya, ko da a matsayin ɗigo guda. Duk abin da aka sani game da ita daga hasken tauraronta aka tsamo shi, kuma ba duka bayanan ne ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda aka auna har aka sake aunawa, akwai waɗanda lissafi ne ya fitar da su, akwai kuma waɗanda fata ne kawai.

Tauraron, mai suna K2-18, yana ɓangaren burujin Zaki, nisansa tafiyar haske ce ta shekara 124. Haske yana cin kimanin kilomita tiriliyan 9.46 a shekara. Kumbon Voyager 1, da ke gudun kilomita 17 a daƙiƙa, sai ya shekara sama da miliyan 2 kafin ya ci wannan nisa. Ƙaramin tauraro ne, nauyinsa kusan rabin na rana, zafin fuskarsa wajen digiri 3,200, alhali na rana ya kai 5,500. Ido ba ya ganinsa komai duhun dare.

Girmanta

Na'urar hangen nesa ta Kepler ce ta fara gano ta. Hukumar NASA ta harba Kepler a 2009, aikinta ɗaya: ta zura wa dubban taurari ido tana auna haskensu, tana jiran wanda haskensa zai ɗan ragu saboda wata duniya ta gifta ta gabansa. Zuwa 2013 biyu daga cikin ƙafafu huɗu masu juyi da ke daidaita ta sun lalace, sai injiniyoyi suka yi dabarar amfani da turin hasken rana a madadin ƙafa ta uku. Wannan zango na biyu shi aka kira K2, kuma a cikinsa na'urar ba ta iya tsayawa kan yanki ɗaya na sama fiye da kwana 80 ko makamancin haka. A 2014 ta kalli yankin Zaki, a 2015 aka sanar da duniyar.

Abin da Kepler ta gani shi ne hasken tauraron ya ragu da kashi 0.29 cikin 100, ya zauna a haka ƙasa da awa uku, ya dawo daidai. Bayan kwana 33 ya sake yin haka. Tazarar kwana 33 ita ce tsawon shekarar duniyar. Zurfin raguwar kuma shi ke ba da girmanta, don gwargwadon fuskar tauraro da ta tare, gwargwadon hasken da zai ɓace. Idan aka ɗauki tushen murabba'in 0.0029 za a sami 0.054, wato faɗin duniyar kashi 5.4 ne cikin 100 na faɗin tauraron. Tauraron ya kai faɗin duniyarmu sau 48. A ninka 48 da 0.054, ga 2.6. To K2-18b ta fi duniyarmu faɗi sau 2.6.

A lura da inda raunin lissafin yake: ba duniyar ake aunawa kai-tsaye ba, rabonta da tauraron ake aunawa. In an yi kuskure a girman tauraro, kuskuren zai bi duniyar. Haka kuwa aka yi. Ƙiyasin farko ya ba da kimanin 2.2, sai da kumbon Gaia na Turai ya auna nisan tauraron da kyau aka gane ya fi yadda ake zato girma, duniyar ita ma ta koma 2.6.

Wata matsalar ta fi wannan ban haushi. Giftawa biyu kacal Kepler ta kama, kuma da su aka yi lissafin lokacin da za a sake ganin ta gaba. Da aka juya wata na'urar hangen nesa mai suna Spitzer wajen tauraron a 2016, sai giftawar ta zo kusan awa biyu kafin lokacin da aka sa ran ta. Bincike ya nuna ma'auni guda ɗaya ne a bayanan Kepler ya gurɓace, mai yiwuwa wata ƙwayar zarra mai gudu daga sararin samaniya ce ta bugi kyamarar a daidai lokacin. Irin wannan kuskure taruwa yake yi duk kewaye, da an bar shi wasu shekaru da sai a riƙa saita manyan na'urori a lokacin da duniyar ta riga ta wuce.

Nauyinta, da rigimar da ta biyo baya

Giftawa ba ta faɗin nauyi. Don samunsa sai a duba yadda duniyar ke jijjiga tauraronta. Yayin da take kewaya shi, ita ma tana jan sa, yana ɗan matsowa wajenmu yana ɗan komawa, launin haskensa na gusawa kaɗan zuwa shuɗi sannan zuwa ja. A wajen K2-18 gudun wannan rangaji mita 3 ne kawai a daƙiƙa. Na'urar HARPS da ke La Silla a ƙasar Chile da CARMENES da ke Calar Alto a Sifaniya su suka auna shi, aka sami nauyin da ya kai na duniyarmu sau 8.6, da yiwuwar kuskure na 1.3 sama ko ƙasa.

Wannan rata tana da faɗi, kuma da dalili. Ƙananan jajayen taurari suna da tabo-tabo masu duhu a fuska. Tauraron yana juyawa a kan kansa cikin kimanin kwana 39, tabon na zuwa yana wucewa, yana haifar da alamar rangaji ta ƙarya. Kwana 39 kuwa ya yi kusa da kwana 33 ƙwarai, raba su aiki ne. Ko a kan wata alama ta kwana 9 da aka gani an yi saɓani: masu HARPS suka ce duniya ce ta biyu, suka sa mata K2-18c, masu CARMENES suka ce aikin tauraron ne.

Da girma da nauyi a hannu, sai a fitar da cushewarta. Faɗi sau 2.6 yana nufin cikinta zai ɗauki duniyarmu kusan sau 18, amma nauyinta sau 8.6 ne kacal. Wato kowane ɗan gutsure mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi nauyinsa giram 2.7. Na duniyarmu 5.5 ne, na duniyar Naftun 1.6, na ruwa 1. Ke nan ba dunƙulen dutse da ƙarfe ba ce kamar tamu, ba kuma zallar iska ba ce. Daga nan tabbas ya fara ƙarewa, domin adadi ɗaya ne, amma gini iri-iri na iya ba da shi: ƙaton dutse a ciki da bargon iskar haidurojin mai kaurin dubban kilomita, ko ƙaramin dutse da ruwa mai ɗimbin yawa da siririn bargon haidurojin a sama, ko wani abu tsakaninsu. Babu duniya mai irin wannan girma a cikin iyalin ranarmu da za a yi kwatance da ita, tsakanin duniyarmu da Naftun wayam ne. Abin mamaki, cikin duniyoyi sama da 6,000 da aka tabbatar zuwa yanzu, masu wannan girman suna cikin waɗanda suka fi yawa.

Batun zafi ma haka yake. Tazararta da tauraronta bai kai kilomita miliyan 25 ba, ƙasa da tazarar rana da Uɗaridu, duniyar da ta fi kusa da ranarmu, nesa ba kusa ba, amma da yake tauraron ba shi da ƙarfi, hasken da ke sauka a kanta kusan daidai yake da wanda ke sauka a kanmu. Shi ya sa ake cewa tana yankin da ruwa zai iya zama ruwa. Ana yawan kawo adadin digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili a matsayin zafinta. Wannan lissafi ne na hasken da ya shiga da wanda ya fita, bai san da bargon iska ba. In aka yi wa Zuhura irin lissafin nan za ta fito ta fi duniyarmu sanyi, saboda gajimarenta na mayar da yawancin haske, alhali ƙasanta digiri 465 ne, dalma narkewa take yi.

Karanta iska daga nesa

Lokacin da duniyar ke giftawa, wani ɗan kaso na hasken tauraron yana ratsa gefen iskarta kafin ya iso mana. Kowace irin iska tana da launukan da take shanyewa. Idan aka rarraba hasken launi-launi aka auna zurfin giftawar a kowanne, to a launin da wata iska ke sha duniyar za ta bayyana kamar ta ɗan ƙara girma. Yawancin launukan da ake bukata suna bayan ja, inda ido ba ya gani, ana auna tsawon zangonsu da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita.

K2-18b ta dace da wannan aiki saboda haidurojin ba shi da nauyi, yana bajewa sama sosai. A duniyarmu iska tana raguwa kusan kashi biyu cikin uku duk hawan kilomita 8.5. A can sai an hau wajen kilomita 70. Duk da haka alamar ƙanƙanuwa ce: giftawar kanta kashi 2,900 ce cikin miliyan, abin da iskar ke ƙarawa bai wuce 100 ko 200 cikin miliyan ba.

A Satumban 2019 ƙungiyoyi biyu, ɗaya daga Landan ƙarƙashin Angelos Tsiaras, ɗaya daga Montreal ta Kanada ƙarƙashin Björn Benneke, suka ce sun ga tururin ruwa da na'urar Hubble. Dukansu ƙwararru ne, kuma tudun da suka gani a jadawalin ma'auninsu, wato ƙarin zurfin giftawa a maikiron 1.4, yana nan da gaske. Matsalar ita ce kyamarar Hubble daga maikiron 1.1 zuwa 1.7 kawai take gani, kuma iskar mitan ita ma a 1.4 ɗin take shan haske. Wasu masana a Faransa sun yi wannan gargaɗi tun da wuri. Da na'urar James Webb ta zo, mai madubin mita 6.5, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, sai ta kalli giftawa biyu a 2023, daga maikiron 0.9 har zuwa 5.2. Tudun mitan ya fito a wurare da dama, har da 2.3 da 3.3. Kabon dayoksaid ya fito a 4.3. A ƙiyasin 2023, kowanne kusan kashi 1 cikin 100 ne na iskar. Tururin ruwa kuwa ba a gan shi ba. Shekara huɗu duniya tana maimaita labarin ruwa, ashe mitan ne.

To ina aka samo teku? Daga abin da ba a gani ba. A cikin iskar haidurojin mai sanyi irin wannan, ilimin sinadarai ya ce ya kamata a sami iskar amoniya, kamar yadda take a duniyar Mushtari. Webb ba ta gan ta ba. Nikku Madhusudhan na Jami'ar Cambridge, wanda ya jagoranci binciken, ya ce amoniya tana saurin narkewa a ruwa, don haka teku ne a ƙasa ya shanye ta. Tun 2021 shi da abokan aikinsa suka gabatar da tunanin irin wannan duniya, teku ko'ina da siririn bargon haidurojin. Rashin tururin ruwa a sama bai rushe hujjarsa ba, don saman iskar na da sanyin da zai daskarar da tururi ya zubo kafin ya kai inda na'ura ke gani.

Hujja ce mai ma'ana, sai dai ba ita kaɗai ba ce. A 2024 Oliver Shorttle, shi ma daga Cambridge, ya nuna cewa narkakken dutse ma yana shanye naitirojin, wanda shi ne tushen amoniya. Idan bargon haidurojin mai kauri ne, ƙasansa zai yi zafin dubban digiri, dutse ya zama ruwa, sakamakon a sama ya zo ɗaya. A shekarar dai Nicholas Wogan na NASA ya nuna ƙaramar Naftun marar doron ƙasa kwata-kwata ita ma za ta iya ba da mitan da kabon dayoksaid kusa da yadda aka gani. Ga kuma matsalar zafi. Haidurojin in ya yi yawa bargo ne mai riƙe zafi ƙwarai, kuma hasken jan tauraro ya fi saurin shiga iska ya tsaya. Lissafin yanayi da dama ya nuna sai in gajimare ko hazo na mayar da kusan rabin hasken ko fiye, in ba haka ba tekun zai yi ta ƙafewa, tururin na ƙara zafi, zafin na ƙara tururi. Ruwa in ya wuce digiri 374 ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskarmu sau 218, babu sauran bambanci tsakanin ruwa da tururi, babu fuskar teku da za a nuna a ce ga ta.

Maganar alamar rayuwa

Sinadarin da ya tayar da ƙura shi ne daimetal salfaid, DMS a taƙaice. A duniyarmu ƙananan halittun da ke yawo a saman teku ne ke samar da mafi yawansa, yana cikin abin da ke ba bakin teku warinsa. Tun a 2023 ƙungiyar Cambridge ta ce ta ga ɗan alamarsa, amma mai rauni ƙwarai. A Afrilun 2025 suka dawo da sabon ma'auni daga wata kyamarar Webb mai suna MIRI, a tsakanin maikiron 6 zuwa 12, suka ce DMS ne ko ɗan'uwansa DMDS, a ƙarfin sigma 3, kuma yawansa ya kai kashi 10 cikin miliyan. A iskarmu bai kai kashi 1 cikin biliyan ba.

Sigma 3 na nufin in babu komai a wurin, hayaniyar na'ura kawai za ta iya ba da irin wannan alama kamar sau 3 cikin 1,000. A ji kamar tabbas ne. Amma masana kimiyyar fiziks sun saba jiran sigma 5, ƙasa da sau 1 cikin miliyan, saboda sun sha ganin sigma 3 ta ɓace. Kuma adadin yana amsa wata ƙunƙuntar tambaya ce: tsakanin samfurin da ke da DMS da wanda ba shi da shi, wanne ya fi dacewa da bayanan? Bai ce komai ba kan sinadaran da ba a saka cikin gwajin ba. Sinadarai 20 aka gwada da farko. Luis Welbanks na Jami'ar Jihar Arizona da abokansa suka faɗaɗa zuwa kimanin 90, suka tarar da dama daga ciki sun dace da bayanan, har da waɗanda ba ruwansu da rayuwa. Jake Taylor na Oxford ya nuna miƙaƙƙen layi marar tudu ko ɗaya ma bai yi nisa da bayanan ba. Ƙungiyar Cambridge da kanta ta sake gwaji da sinadarai 650, DMS ya kasance cikin na gaba-gaba, amma ba shi kaɗai ba. Daga giftawa ɗaya tak aka samo duk wannan, kuma MIRI an san ta da wani hali: a farkon kallo ma'auninta yana gangarawa a hankali kafin ya daidaita, kuma yawan abin da mai bincike ya yanke daga farkon, da yadda ya haɗa launuka rukuni-rukuni, suna iya sauya siffar tudun.

A watan Yulin 2025 wata babbar ƙungiya ƙarƙashin Renyu Hu na NASA, wadda Madhusudhan ma yana ciki, ta fitar da sakamakon ƙarin giftawa huɗu. Mitan da kabon dayoksaid sun tabbata daram. Rabon da ke tsakaninsu ya nuna cikin duniyar na da ruwa mai yawa, ko da ba a san ko teku ne ko ruwa ne gauraye da iska mai zafi ba. DMS kuwa bai kai sigma 3 ba.

Ko da gobe an tabbatar da shi, da sauran rina a kaba. An sami DMS a bayanan da kumbon Rosetta ya tattaro daga tauraro mai wutsiya 67P, inda babu mai cewa akwai rai. An gano shi a gajimaren iska da ƙura kusa da tsakiyar gungun taurarin da ranarmu ke ciki. An kuma samar da shi a ɗakin gwaji ta hanyar haska gaurayen iskoki masu mitan da farar wuta, ba tare da wata halitta ba. A ganinmu ba laifi ba ne a nemi DMS, nema ne mai kyau. Riga malam masallaci aka yi wajen sanarwa.

In da mutum zai je

Wasu abubuwan da masu zane ke sakawa lissafi na iya gyara su. Ranar can za ta bayyana kusan sau uku faɗin tamu a sama, saboda kusanci. Amma ba ja wur za ta kasance ba. Zaren tsohon ƙwan lantarki mai zafi, irin wanda ake kunnawa a shaguna kafin zuwan na zamani, bai kai zafin fuskar wannan tauraro ba, kuma haskensa fari-fari ne mai ruwan ɗorawa. Haka ranar K2-18b za ta kasance, sai dai ta fi shi fari kaɗan. Jan ƙasa a saman gajimarenta ya fi namu da kashi 27 cikin 100, mai kilo 60 zai ji kansa kamar kilo 76. Babu iskar da za a shaƙa, haidurojin ne da mitan.

Shuɗin launi aro ne daga Naftun, inda mitan ke shanye jan haske. Amma Titan, watan Zuhal, shi ma cike yake da mitan, kuma hazo ya mayar da shi ruwan goro. Babu wanda ya auna launin K2-18b. Ana kuma yawan cewa fuska ɗaya take ba tauraronta kullum, gefe ɗaya rana har abada, ɗaya dare. Kusancinta ya sa hakan na iya yiwuwa, amma ba a auna juyinta ba. Tsibirai da bakin teku kuwa a cire su gaba ɗaya: in har tekun na nan, zurfinsa ɗaruruwan kilomita ne, alhali wuri mafi zurfi a tekunmu kilomita 11 ne. A ƙasansa matsi zai dunƙule ruwa ya zama wata irin ƙanƙara mai zafi da ta fi ruwa nauyi, ta shiga tsakanin tekun da dutse. Wannan babbar tambaya ce ga masu fatan rayuwa, domin daga dutse ne tekunmu ke samun fosforas da ƙarfen da halittu ke bukata.

Abin da zai raba gardamar sanannen abu ne, sai dai yana da tsada. A Afrilun 2025 ƙungiyar Cambridge ta ƙiyasta ƙarin awa 16 zuwa 24 na kallon Webb zai iya kai alamar sigma 5 in da gaske tana nan. Hayaniyar ma'auni ba ta raguwa daidai da yawan kallo: don a rage ta da rabi sai an ninka giftawa sau huɗu. Giftawa kuwa sau 11 ce a shekara, kuma ba duka Webb ke iya kamawa ba, don dole garkuwarta ta riƙa kare ta daga hasken rana, ba ta iya juyawa wajen rana, burujin Zaki na shiga inda take iya kallo ne na wasu makonni sau biyu a shekara. Bayan haka dole alamar ta fito a maikiron 3.4 da kuma tsakanin 6 da 12 da yawa iri ɗaya, a ga sinadaran da haske ke samarwa in ya farfasa DMS, irin su itan da itilin, sannan a auna yadda DMS ke shan haske a cikin haidurojin mai sanyi a ɗakin gwaji, domin ma'aunin da ake amfani da shi yanzu a cikin naitirojin aka yi shi, a irin zafi da matsin iskar duniyarmu.